Iskar taya: amsar tana bakin ƙofar direba

Idan mota ta tsaya a wurin mai faci, tambayar da aka fi ji ita ce, "Alhaji, a sa nawa?" Sai mai mota ya ce a sa arba'in, ko ya ce, "Kai ka san aikinka." Wani ma ba ruwansa da geji, a daki taya da ƙafa, in ta yi tauri shi ke nan. Alhali amsar tana rubuce a jikin motar. Wanda ya buɗe ƙofar direba ya duba ginshiƙin da ƙofar ke rufuwa a kai zai ga ɗan sitika, wani lokaci a cikin murfin tankin mai, ɗauke da adadin iskar tayoyin gaba da na baya. A yawancin ƙananan motoci adadin yana tsakanin PSI 30 da 35. Motocin da suka fito daga Turai kan rubuta da ma'aunin bar, inda bar 2.2 ya yi daidai da PSI 32. Wannan lamba ita ya kamata a bi, domin kamfanin da ya ƙera motar shi ya san nauyinta da yadda nauyin ya rabu tsakanin gaba da baya.

Inda ake rikicewa shi ne lambar da ke jikin taya, wadda sau da yawa takan zama 44 ko 51. Wannan iyaka ce, mafi yawan iskar da tayar za ta iya ɗauka. Taya iri ɗaya tana shiga motoci masu nauyi daban-daban, don haka mai yin taya ba shi da hanyar sanin abin da ya dace da motarka. Idan aka cika ta har iyaka, tsakiyarta kaɗai ke taka kwalta, ta cinye da wuri, riƙon hanya ya ragu, kowane rami kuma ya taso maka har cikin sitiyari.

Amma hujjar da ta fi ƙarfi a bakin direbobinmu ta ɗaya ɓangaren take. Sukan ce sitikan nan don ƙasashen sanyi aka rubuta shi, mu kuwa a watan Afrilu zafi kan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, iska na kumbura, saboda haka gara a rage kafin a ɗauki doguwar hanya. Akwai gaskiya a ciki: iska na ƙaruwa da kusan PSI 1 duk lokacin da zafi ya hau da digiri 5 zuwa 6, kuma tayar da ta yi gudu takan nuna ƙarin 3 ko 4. Sai dai masu ƙera mota sun riga sun yi lissafin wannan ƙarin, shi ya sa suka ce a auna taya tana sanyi. Abin da ke fasa taya a kan hanya galibi ƙarancin iska ne. Tayar da ba ta cika ba gefenta na lanƙwasawa yana miƙewa a kowane juyi, sau ɗaruruwa a minti guda, kamar wayar da ake ta lanƙwasawa har ta yi zafi ta karye. Zafin da ke taruwa a cikin robar shi ke raba ta da wayoyin ƙarfen da ke riƙe da ita. Direban da ya tsaya a Zariya ya sace iska don ya ji taya ta ɗau zafi, ya ƙara mata aikin da ke haifar da zafin ne, ga lodi, ga gudu.

Amurka ta koyi wannan da tsada. A watan Agusta na 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 bayan haɗurran da suka ci rayuka, mafi yawansu a motar Ford Explorer, kuma a jihohi masu zafi. Ford ya ba da shawarar PSI 26, Firestone ya ce 30 ya fi, kowannensu ya ɗora wa ɗan'uwansa laifi. Duk da akwai batun aibi a tayoyin kansu, ƙarancin iska da zafi sun fito fili a binciken, har majalisar ƙasar ta yi doka a shekarar. Daga 2007 kowace sabuwar ƙaramar mota a can sai da na'urar gargaɗin iska. Ita ce fitilar nan ruwan ɗorawa mai kama da kofaton doki da ke kamawa a motocin da ake shigo mana da su, wadda wasu ke cewa a share ta kawai. Dokar ta yarda fitilar ta jira har iska ta ragu da kashi 25 cikin ɗari, don haka in ta kama an daɗe da wuce lokacin gyara.

Masu motocin haya suna da tasu hujjar, cewa lodi na buƙatar ƙari. Wannan daidai ne, kuma sitika da yawa na ɗauke da layi na biyu na mota cike da mutane da kaya, inda tayoyin baya kan sami ƙari. A bi wannan layin. Abin da iska ba za ta iya ba shi ne ɗaukar nauyin da ya wuce ƙarfin tayar.

Lafiyayyar taya ma tana rasa kusan PSI 1 a wata, sanyin hunturu kuma ya ƙara rage ta, kuma ido ba ya gane tayar zamani da ta ragu da 5 ko 6. Gejin bakin titi yakan sha faɗuwa da ƙura, don haka ya fi kyau mai mota ya sayi nasa ya ajiye a mota. A auna sau ɗaya a wata da safe, ko bayan motar ta huta awa 3, har da safaya. Siririyar safayar da ke zuwa da wasu motoci PSI 60 take bukata, kuma an rubuta hakan a jikinta.