Kowane Fim Da Malaminsa

Dattawan da suka yi ƙuruciyarsu a Kano a zamanin da gidajen silima irin su Rex da Palace da Plaza da El Dorado ke tashe, idan hira ta yi daɗi har aka gangaro kan maganar kallo, za ka ji suna ambaton fina-finai na ƙasashe dabam-dabam da nau'o'i iri-iri, alhali kuwa a wancan lokaci babu ɗayansu da ya taɓa zaɓar abin da zai kalla. Abin da Kwarori masu gidajen suka ɗora a daren, shi ne rabon wanda ya biya kuɗin ƙofa, ko na Indiya ne, ko na kaboyi, ko na 'yan Cana masu naushi da shuri. Rashin zaɓin nan kuwa, ba da nufin kowa ba, ya zame musu wata irin makaranta, domin wanda ya fito neman Dharmendra, wanda suka laƙaba wa Sarkin Ƙarfi, sau da yawa sai ya tarar da Bruce Lee, ya zauna tilas tun da ya riga ya biya, ya koma gida da sanin wata duniya da bai fita nema ba.

A yau al'amarin ya juye. Wayar da ke aljihun ɗan makaranta tana iya kai shi ga fina-finan da duk gidajen siliman Arewa ba su nuna ba tun kafuwarsu, amma idan ka leƙa abin da galibin gidaje ke kallo, sai ka iske miya ɗaya ce ake ɗumamawa dare da rana. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Manhajoji irin su YouTube da Netflix an gina su ne a kan lura da abin da mutum ya kalla jiya, su miƙo masa ɗan'uwansa yau, don muradinsu shi ne ya daɗe a zaune; haka kuma yaron da ke tura fina-finai a shagon bakin titi, ba ya cika maka waya sai da abin da aka fi tambaya a makon. Wanda ya fara da fassarar Indiya mai faɗa, to, zai shekara a cikinta, wanda kuma ya kama fim mai dogon zango na kishiyoyi da gado, ba zai ga ƙarshen kishiyoyi da gado ba.

Shawarar da nake so in kawo na aro ta ne daga zauren malamai. A wurinsu ilmi ba ya tsayuwa sai da isnadi: wane ya karɓa daga wane, shi kuma daga wane, har a dangana da tushe. To, haka sana'ar fim take, domin babu wani mai ba da umarni da ya faɗo daga sama. Kowannensu ya zauna a duhu ya kalli aikin wani kafin ya ɗauki kyamara. Saboda haka idan fim ya burge ka, maimakon ka nemi mai kama da shi, nemi malaminsa, sa'an nan ka nemi malamin malamin, kuma na tabbata kafin ka yi taku uku silsilar ta fitar da kai daga nau'in da ka saba, da ƙasar da ka saba, da zamanin da ka saba, ba tare da ka ji an yi maka dole ba.

Ga misali da fim ɗin da kusan kowane gida ya sani, wato Sholay, wanda Ramesh Sippy ya fitar a 1975, inda wani tsohon ɗan sanda ya yi hayar ɓarayi biyu, Amitabh Bachchan da Dharmendra, su kamo masa ɗan fashi Gabbar Singh da ya addabi ƙauyen Ramgarh. Fim ne da ya yi shekara biyar ana nuna shi a silimar Minerva ta Bombay ba yankewa. Amma ƙashin bayan labarin, wato ƙauyen da 'yan fashi suka gallaba har aka ɗauko mayaƙa daga waje, ya girmi Sholay da shekara ashirin da ɗaya, domin a 1954 ne Akira Kurosawa na Japan ya yi Seven Samurai, labarin manoman da ba su da abin biyan kowa sai shinkafar da za su ciyar da shi, suka tafi gari suna neman mayaƙa masu jin yunwa. A 1960 Amurkawa suka ɗauki labarin suka mai da shi na kaboyi a wani ƙauyen Meziko, suka kira shi The Magnificent Seven. Bayan haka Sergio Leone na Italiya ya kwashi wani fim ɗin na Kurosawa, Yojimbo, ya mai da shi A Fistful of Dollars a 1964 ba da izini ba, har maganar ta kai gaban shari'a. Daga hannun Leone kuma Sholay ya koyi dogon shirun nan da ake yi kafin harbi, da yadda kyamara ke tsayawa a kan idon mugu. Shi kansa Kurosawa bai taɓa ɓoye cewa ya sha karatu a fina-finan kaboyi na John Ford ba. Ka ga ke nan daga fim guda na Indiya mun ratsa Japan da Amurka da Italiya, mun taɓa launi mun taɓa baƙi da fari.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a wannan silsila shi ne reshenta da ya faɗo maƙwabtanmu. A 1966 Moustapha Alassane na Nijar ya yi wani ɗan gajeren fim mai suna Le Retour d'un aventurier, labarin saurayin da ya dawo daga tafiya da akwati cike da huluna da takalma da bindigogin kaboyi, ya rarraba wa abokansa, suka sake sunaye, suka hau dawaki, suka hana mutanen ƙauyensu sakat. Abin dariya ne, amma dariya mai cizo, domin tun a lokacin mutumin ya hango abin da kallo ke yi wa samari, mas'alar da har gobe iyaye ke kuka a kanta. Wanda ya kai nan kuwa ba zai rasa jin sunan Oumarou Ganda ba, tsohon sojan Faransa da ya yi yaƙin Indocina, ya zuba abin da ya gani cikin Cabascabo, sa'an nan fim ɗinsa Le Wazzou polygame ya ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1972, karo na farko da aka ba da ita. Abin takaici ne a ce ɗan Katsina ko ɗan Daura ya haddace sunayen jaruman Bombay har da na 'ya'yansu, bai taɓa jin na waɗannan da ke tsallaken iyaka ba.

Akwai wata silsilar kuma, ta masu taushin zuciya, wadda na fi so a kalla da iyali. Mafarinta Charlie Chaplin, musamman The Kid na 1921, inda wani fakiri ya tsinci jariri ya rene shi. Fim ne na zamanin da silima ba ta fara magana ba, don sai a 1927 aka soma jin murya a manyan fina-finai, kuma wannan rashin magana shi ne falalarsa a gidajenmu, domin kaka da jika duk ɗaya suke a gabansa, ba mai bukatar tafinta. Raj Kapoor ya ari tafiyar Chaplin da 'yar hularsa a Awaara na 1951 da Shree 420 na 1955. A ɗaya gefen kuma akwai Bicycle Thieves, wanda Vittorio De Sica ya yi a Roma a 1948, lokacin da yaƙi ya bar Italiya cikin fatara: magidanci ya samu aikin manna takardu wanda sharaɗinsa keke ne, matarsa ta jinginar da zannuwan gado aka fanso keken, a ranar farko aka sace shi, shi da ɗansa suka shiga gari nema. Wanda ya fito a uban ba ɗan wasa ba ne, ma'aikacin masana'anta ne. Duk wanda ya taɓa ganin halin da mai ɗan sahu ko ɗan acaba ke shiga ranar da aka raba shi da abin hawansa, ba sai an yi masa sharhin wannan fim ba. Satyajit Ray ya kalle shi a Landan a 1950, ya fito da azamar yin Pather Panchali, wanda ya fita a 1955, ya nuna wa duniya wata Indiya ta ƙauye da talauci da damina, mai nisa da ta lambunan furanni da muka saba gani. Daga nan ba wuya a gangaro Iran, ga Children of Heaven na Majid Majidi, 1997, inda yaro ya ɓatar da takalman ƙanwarsa, suka riƙa karɓa-karɓa da nasa don kada mahaifinsu ya sani, har ya shiga gasar tsere yana fatan ya zo na uku, saboda kyautar na uku takalma ce. Ban taɓa nuna shi a gida an tashi da busasshen ido ba.

Sai dai wajibi ne in yi gargaɗi a kan haƙuri. Tsohon fim ba ya gaggawa; yakan bar mutum ya taka daga ƙofa zuwa kujera ba a yanke ba, kuma idon da ya saba da gajerun bidiyo na waya zai yi ta ƙaiƙayi a minti ashirin na farko. Wannan ƙaiƙayi ba hujja ba ce a kan fim ɗin, kamar yadda wahalar shafukan farko na littafin nahawu ba aibin littafin ba ce. A kifa waya, a rage fitila, a ba shi rabin sa'a. In bayan haka bai kama ka ba, babu laifi a ajiye shi, don ba kowane abin da masana suka yaba ne zai dace da kowa ba, ni kaina akwai mashahuran da na yi barci a kansu.

Mas'ala ta biyu ita ce ta wanda ke cikin ɗakin. Silima wurin baƙi ce, amma falo wurin kunya ne, kuma abin da mutum zai kalla shi kaɗai ba lalle ne ya kalle shi gaban mahaifiya ko suruki ko 'ya'ya ba. Na taɓa kunna wani fim da aka yaba mini, ban bincika ba, ga gwaggona zaune a gefe; abin da ya biyo baya shi ne na tashi neman ruwan da ba na jin ƙishirwarsa, ita kuma ta shiga gyaran mayafin da ba abin da ya same shi. Tun daga ranar ba na ɗora wa jama'a abin da ban fara dubawa ba, ko aƙalla na karanta adadin shekarun da aka ƙayyade masa. Hukuncin kallo kansa na bar wa ma'abotansa, don ni ba mufti ba ne. Abin da na sani shi ne ko gidajen da ke da tsanani sukan buɗe ƙofa ga Ar-Risala na Moustapha Akkad, 1976, wanda aka ɗauka sau biyu, da Larabci da Turanci, da 'yan wasa dabam-dabam, aka kuma kiyaye alfarmar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba a nuna surarsa ba, ba a ji muryarsa ba. Daga shi sai a wuce ga ɗan'uwansa, fim ɗin Umar Mukhtar, malamin allo na Sanusiyya da ya yi kusan shekara ashirin yana yaƙar Italiyawa a Libiya har suka rataye shi a 1931. Daga nan kuma ga The Battle of Algiers na 1966, wanda ya fi su ɗaci, kuma ba na yara ba ne.

Namu na gida ma suna da zamani da ɗabaƙa, ko da yake mun fi kowa saurin mantuwa. Yaran da suka tashi da Daɗin Kowa da Labarina suna zaton daga nan aka fara, alhali Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa ya fito tun 1990, Sangaya ya zo a ƙarshen shekarun 1990 ya kafa rawa da waƙa da gindinsu, marigayi Rabilu Musa Ibro kuma, Allah ya jiƙansa, ya riƙe camama shekara da shekaru, kafinsa kuwa ga su Samanja da Kasimu Yero na zamanin talabijin. Akwai kuma Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya ɗauka a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, labarin yaron da bauta ta raba da mahaifiyarsa ta ƙetare da shi Sahara, ya dawo malami, ita kuwa ta ƙare rayuwarta a kan hanyar nemansa. Shekaru masu yawa ana jin sunansa ba a ganinsa, har aka yi zaton ya bi sahun Alam Ara, fim mai magana na farko a Indiya, na 1931, wanda ya ɓace ɗungum, sai aka tsinci zarensa cikin tsofaffin gwangwanaye, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018, Turawa suna karanta fassara a ƙasan allo, Hausa tana fita daga lasifika.

Wanda zai fara wannan tafiya, ina ganin ya fara da Seven Samurai, tun da ya riga ya san jikansa Sholay. Tsawonsa ya kusa sa'a uku da rabi, amma Kurosawa ya sa masa hutu a tsakiya, daidai lokacin da ƙauyen ke shirin girbi kafin 'yan fashi su sauko, saboda haka ana iya raba shi dare biyu bayan sallar lisha. A sauke shi tun da rana, a caja abin kallo, kada a ɗauke wuta ana tsakiyar yaƙin ƙarshe, wanda aka yi cikin ruwan sama da taɓo.