Hasashen Ƙwallon Amurka a Ma'aunin Lissafi

Ana saura kwana uku a yi wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka a watan Janairun 1969, wani saurayi mai suna Joe Namath, madugun 'yan wasan ƙungiyar New York Jets, ya tashi a gaban jama'a a birnin Miami ya ce ƙungiyarsa ce za ta ci, kuma shi ya lamunce. Mutane suka ɗauke shi mai cika baki. Abokan karawarsu, Baltimore Colts, sun yi wasa 14 a kakar sun ci 13, kuma masana sun riga sun yanke cewa za su ba Jets ratar maki 18. Ranar 12 ga wata aka kara, aka tashi Jets na da maki 16, Colts na da 7. Har yau Amurkawa suna ba da labarin nan kamar Namath ya leƙa gaibu ne. Masanin ƙididdiga kuwa tambaya ɗaya zai yi: a cikin wasanni ɗari masu irin wannan rata, sau nawa na ƙasa yake kayar da na sama?

Kafin a zo ga amsa, ya kamata mai karatu ya san irin wasan, domin suna kawai ya haɗa shi da ƙwallon ƙafar da aka saba. Da hannu ake yin mafi yawansa. Kowane gefe mutum 11 ne, filin kuma yadi 100 ne, wato kimanin mita 91, da gida mai yadi 10 a kowane ƙarshe. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da dama huɗu ta ci gaba yadi 10, ko da gudu ko da jifa. In ta yi, a sabunta mata damar; in ta kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Wanda ya kai ƙwallo gidan abokan hamayya ya sami maki 6, da damar ƙarin 1 ko 2. Wanda ya buga ta da ƙafa ta wuce tsakanin dogayen sanduna biyu ya sami 3. A jami'o'i wasan ya tsiro: a 1869 ɗaliban Rutgers da na Princeton suka yi karawar da ake ɗauka ita ce ta farko. Gasar ƙwararru, wadda ake kira NFL, sai a 1920 aka kafa ta, kuma yanzu ƙungiyoyi 32 ke cikinta. Wasanta na ƙarshe shi ake kira Super Bowl.

Abu na farko da ke wahalar da mai hasashe shi ne ƙarancin wasannin. Saboda tsananin karo da yawan rauni, sau ɗaya a mako ake wasa, kuma tun 2021 kowace ƙungiya wasa 17 take yi a kaka, kafin zagayen fitar da zakara. A ƙwallon kwando ta ƙwararru wasa 82 ake yi, a ƙwallon gora kuwa 162. Ga wani gwaji da kowane aji zai iya yi. A sami ɗalibai 32, kowa ya zama ƙungiya guda, ya jefa kwabo sau 17, in fuska ta fito ya rubuta ci, in baya ya fito ya rubuta faɗuwa. Lissafi ya nuna cewa yiwuwar samun ci 11 ko fiye kusan ɗaya ce cikin shida. Ke nan a cikin ɗalibai 32 za a sa ran wajen biyar su fito da sakamakon da a gasar gaske za a kira su gwanaye, alhali kwabon kowa ɗaya ne da na ɗan'uwansa. Wannan ba ya nufin babu gwaninta a wasan. Abin da yake nunawa shi ne, wasa 17 sun yi kaɗan a tace gwaninta daga sa'a.

Ita kanta ƙwallon tana taimakon sa'a. Ba kewayayya ba ce. Doguwa ce mai tsini a kai biyu, tsawonta kimanin santimita 28. Idan gwani ya jefa ta tana juyawa a kan tsawonta kamar katantanwa, juyin yana hana ta tangaɗi, sai ta ratsa iska da tsininta ta tafi inda aka nufa. Amma da zarar ta kuɓuce ta faɗi ƙasa, labari ya sake. Ɗan bambanci ƙanƙane a gefen da ya fara taɓa ƙasa ya isa ya aika ta dama ko hagu, gaba ko baya. Masu nazarin alkaluman gasar sun daɗe da lura cewa ƙungiyar da ta yi dacen tsintar irin waɗannan ƙwallaye bana, ba lalle ta maimaita baɗi ba. Ga shi kuwa tsintuwa guda takan juya wasa ɗungum.

A 1991 wani masanin ƙididdiga mai suna Hal Stern ya auna girman wannan sa'a. Ya ɗauki sakamakon wasannin NFL na 1981 da 1983 da 1984, ya kwatanta ratar da aka yi hasashe kafin kowane wasa da ratar da aka tashi da ita. Ya tarar kuskuren yana bin tsarin nan da ɗaliban lissafi suka sani, mai siffar ƙararrawa: ƙananan kurakurai sun fi yawa, manya suna raguwa ta kowane gefe. Ma'aunin bazuwar ya kai maki 13.86, a ce 14. Ma'anarsa ita ce, a wasa ɗaya cikin uku, sakamakon yakan kauce wa hasashe da fiye da maki 14, wato shiga gida sau biyu.

Daga wannan adadi guda ana iya fitar da abubuwa da dama. Ƙungiyar da aka ce ta fi da maki 3 takan ci kimanin kashi 59 cikin ɗari na wasanninta. Wadda ta fi da 7, kashi 69. Wadda ta fi da 14, kashi 84. In aka ɗora ratar maki 18 ta Colts a kan wannan ma'auni, za a sami kimanin kashi 90. Wato Jets suna da dama ɗaya cikin goma. Abin da ke aukuwa sau ɗaya cikin goma kuwa ba abin al'ajabi ba ne a gasar da ake wasa 272 kowace kaka. Da yawa sun cika baki irin na Namath suka sha kaye, ba wanda ya adana sunayensu.

Haka aka yi a Fabrairun 2008. New England Patriots sun ci wasa 18 a jere ba faɗuwa, sai New York Giants suka kayar da su 17 da 14 a Super Bowl. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

To ta yaya ake auna ƙarfin ƙungiya tun farko? Hanyar da ta fi shahara ba don ƙwallo aka ƙirƙiro ta ba. Arpad Elo malamin kimiyyar lissafin halittu ne, wato fiziks, a Jami'ar Marquette, kuma gwanin darar Turawa. Ya tsara yadda za a ba kowane ɗan wasa lamba mai nuna ƙarfinsa, hukumar dara ta Amurka ta karɓi tsarin a 1960, ta duniya kuma a 1970. Bambancin lambobi biyu shi ke ba da yiwuwar ci: wanda ya fi da 100 ana sa ran ya ci kashi 64 cikin ɗari, da 200 kashi 76, da 400 kashi 91. Bayan kowane wasa sai a ɗebi wani abu daga lambar wanda ya faɗi a ƙara wa wanda ya ci. In babba ya ci ƙarami, kaɗan za a ɗiba, domin abin da ake tsammani ne ya faru. In ƙarami ya ci babba, a ɗibi mai yawa. Kyawun tsarin shi ne ba ya fushi, ba ya son kai, kuma wasa guda ba ya ruɗa shi. Aibinsa kuwa, bai san madugun ƙungiya ya karye jiya ba sai an gaya masa.

Akwai wata hanyar wadda ba ta duba ci da faɗuwa sam, sai jimlar makin da ƙungiya ta samu da wanda aka zuba mata. Dalili kuwa shi ne maki sun fi wasanni yawa, saboda haka sun fi wuyar yin ƙarya. Minnesota Vikings a kakar 2022 sun ci wasa 13 sun faɗi 4, magoya bayansu suna ta murna. Amma jimlar makinsu 424 ce, wanda aka zuba musu 427. Ƙungiya mai irin waɗannan alkaluma wasa takwas ko tara ya kamata ta ci. Asirin shi ne sun yi wasa 11 waɗanda aka tashi da ƙaramar rata, suka cinye duka, kamar mai jefa kwabo da fuska ta yi ta fito masa. Wasan farko na zagayen fitar da zakara Giants suka fitar da su, 31 da 24. A kakar 2023 suka ci 7 suka faɗi 10. Raunin 'yan wasa ya taka rawa a wannan faɗuwa, amma masu lissafi sun yi tsammanin koma-baya tun kafin kowa ya ji ciwo. Francis Galton ya bayyana wannan ɗabi'a tun 1886, sa'ad da ya lura cewa 'ya'yan dogayen iyaye dogaye ne, amma galibi ba su kai iyayen ba. Duk sakamakon da ya yi fice ƙwarai akwai rabon sa'a a cikinsa, ita kuwa sa'a ba a gadonta.

A gasar jami'o'i matsalar ta fi tsanani. Rukunin sama kaɗai yana da ƙungiyoyi fiye da 130, kowace kuma wasa 12 take yi, saboda haka mafi yawansu ba sa haɗuwa da juna. Tun 1936 kamfanin dillancin labarai na AP yake tattara ƙuri'un 'yan jarida yana jera ƙungiyoyi. Ƙuri'a kuwa ra'ayi ce, tana bin suna da tarihi. Ranar 1 ga Satumba 2007 Jami'ar Michigan, wadda aka jera ta biyar, ta karɓi baƙuncin Appalachian State, ƙungiyar da ke rukuni na ƙasa, a gaban 'yan kallo fiye da dubu ɗari. Baƙin suka ci 34 da 32, bayan sun tare bugun ƙarshe na masu gida. Mako na gaba babu Michigan ko cikin 25 na farko.

Daga 1998 zuwa 2013 an gwada haɗa ƙuri'un mutane da lissafin kwamfuta don zaɓen ƙungiyoyi biyu da za su yi wasan ƙarshe. A kakar 2003 abin ya watse. Masu ƙuri'a suka sa Jami'ar Kudancin Kalifoniya ta ɗaya, tsarin kuwa ya zaɓi Oklahoma da Jami'ar Jihar Louisiana, duk da cewa Oklahoma ta sha kaye 35 da 7 a wasanta na baya. Louisiana ta ci, 'yan jarida suka naɗa Kalifoniya, aka ƙare shekara da zakaru biyu. Jama'a suka ɗora laifin a kan kwamfuta, ko da yake mutane ne suka tsara mata abin da za ta duba, har ma sun riga sun hana ta la'akari da yawan ratar maki. A 2014 aka koma ga kwamitin mutum 13 mai zaɓen ƙungiyoyi huɗu. Shi ma bai tsira ba: a 2023 ya bar Jami'ar Jihar Florida a waje alhali ta ci wasanninta 13 duka, saboda madugunta ya ji rauni. Daga 2024 aka faɗaɗa zagayen zuwa ƙungiyoyi 12, a bar fili ya raba gardama.

Hasashe tsakanin abokai nishaɗi ne. Inda ya zama abin damuwa shi ne inda kuɗi ya shiga. A 2018 Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar da ta hana yawancin jihohi halatta cacar wasanni, kamfanonin caca suka bazu a wayoyin hannu. Lissafinsu a fili yake. Bisa al'ada mutum yakan zuba dala 110 don ya ci 100, kuma an riga an daidaita ratar maki yadda kowane gefe zai zama kamar jefa kwabo. Wanda ya zuba sau ɗari ya ci hamsin, ya sami 5,000 ya rasa 5,500. Kafin ya mayar da uwar kuɗinsa kawai, sai ya dace fiye da sau 52 cikin ɗari, kuma ba a mako ɗaya ba, shekara da shekaru.

Akwai kuma masu sayar da hasashe, waɗanda sukan nuna jerin dacensu a matsayin shaida. Ga yadda ake iya ƙera irin wannan shaida ba tare da sanin komai ba. Mutum ya sami sunaye 1,024. Mako na farko ya aika wa rabi cewa ƙungiya kaza za ta ci, ya aika wa sauran akasin haka. Duk yadda aka tashi, mutum 512 sun ga ya dace. Ya watsar da sauran, ya sāke raba waɗannan biyu: 256, sa'an nan 128, sa'an nan 64. A mako na biyar yana da mutum 32 waɗanda suka gani da idonsu ya faɗi gaskiya sau biyar a jere, kuma ba su san da sauran 992 ba. A lokacin ne zai nemi su biya kuɗin hasashe na shida.