Hirar 'Yan Mazan Jiya da Maharba: Matsayinta a Adabin Baka

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin adabin baka na Hausa sun daɗe da karkasa shi zuwa tatsuniya, da almara, da hikaya, da tarihi, da karin magana, da kirari, da waƙa. Amma akwai wani irin zance da har yanzu bai sami gurbi sosai a cikin wannan rabo ba, watau hirar da tsofaffin sojoji da maharba masu bindiga kan yi in sun haɗu a zaure, ko gindin bishiya, ko wurin karɓar fansho. Mafi yawanmu mun san wannan hira ne ta hanyar tsintuwa, muna yara, mun raɓe a gefe muna kasa kunne. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa hirar tana da ƙa'idojinta, kuma abin da aka tsinta a bakin waɗannan mutane suna zance tsakaninsu ya kan fi abin da suke gaya wa baƙo mai tambaya inganci.

2.0 Su Wane Ne Masu Hirar?

Bindiga ta riga Bature zuwa ƙasar Hausa, harshe ma shaida ne, domin kalmomin bindiga da albarushi daga Larabci aka aro su. A ƙarni na 19 sarakuna sun ajiye 'yan bindiga, Sarkin Damagaram Tanimu kuwa har igwa ya sa aka ƙera masa. Daga fada ne bindiga ta bazu zuwa hannun maharba, waɗanda da can kwari da baka ne makaminsu.

Aikin soja irin na zamani kuwa ya faro ne a 1863, lokacin da wani hafsan Ingila mai suna Glover ya tara wasu Hausawa a Ikko ya mai da su dakaru. A 1897 aka ɗora wa Lugga aikin kafa rundunar Afirka ta Yamma da ake taƙaita sunanta da WAFF. Hausa ce ta zama harshen bariki, har ya zama wajibi hafsoshin Turawa su koye ta. Saboda haka Babarbare, da Batibi, da Bazabarme, da Bachame, duk da Hausa suka yi aikin soja, da ita kuma da yawansu suka ba da labarinsa bayan sun tuɓe kaki.

Waɗannan sojoji sun yi yaƙin Kamaru daga 1914 zuwa 1916, sannan Afirka ta Gabas. A Yaƙin Duniya na Biyu, wanda Hausawa ke kira Yaƙin Hitila, an kai su Somaliya da Habasha, daga baya kuma runduna ta 81 da ta 82 suka fafata da Japanawa a ƙasar Bama, wadda tun 1989 ake kira Miyanma. Bayan samun mulkin kai sai aikin Kwango daga 1960 zuwa 1964, da Yaƙin Basasa daga 1967 zuwa 1970. Sunayen barikokinmu ma tarihi ne a tsaye: Dalet da Kalapanzin a Kaduna, da Myohaung da Dodan a Ikko, duk wurare ne a Bama, Chindit ta Zariya sunan wata runduna ce da ta yi yaƙi a can, Bukavu ta Kano kuwa gari ne a Kwango.

3.0 Harshen Hirar

Abu na farko da mai saurare zai lura da shi shi ne yawan kalmomin aro waɗanda suka riga suka narke suka zama Hausa, kamar kurtu, da farabiti, da kofur, da saje, da samanja, da hafsa, da fareti, da gadirum, da gurneti. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi wa Faransa aiki su kuma suna da nasu, kamar kumandan da lasidan. Maharba kuwa ƙirƙira suka fi yi. Sun kira abin da ake dannawa kunama, saboda kama da kuma harbi. Sun kira bindigarsu ta gargajiya bindigar toka, ko baushe. Akwai kuma harba-ka-ruga, sunan da ya ƙunshi bayanin bindigar dungurungum: harbi ɗaya take yi, in ka kuskure sai ka nemi ƙafarka.

Abu na biyu shi ne gajerun maganganu masu kama da karin magana, waɗanda gogewa ta haifa. Alal misali, tsohon soja kan ce wa yaro, in ka ji ƙarar harsashi to ba naka ba ne. Wannan ba fasahar baki kaɗai ba ce. Harsashin bindigar Lee-Enfield da suka riƙe yana fita da gudun da ya haura mita 700 a daƙiƙa, sauti kuwa kimanin mita 340 yake yi, saboda haka harsashi ya kan riga ƙararsa isowa. Haka kuma maharbi kan hana a nuna wa mutum bakin bindiga ko da ba kome a cikinta, wai Shaiɗan na iya ɗura ta. A ƙarƙashin wannan magana akwai ka'idar kiyaye rai wadda kowane mai koyar da harbi a duniya yake farawa da ita.

4.0 Ire-iren Labaran

Ana iya kasa labaran da akan ji a wannan hira gida huɗu.

4.1 Gaskiya mai kama da ƙarya

Wannan shi ne kashin da ya fi jawo wa 'yan mazan jiya sunan maƙaryata, alhali kuwa shi ya fi kowanne tabbata. Mutumin da ya dawo ƙauyensu a 1946 ya ce ya yi makonni a kan ruwan da ba a ganin gaɓarsa, kuma a dajin Bama daga sama ake jefo musu abinci, ba abin da zai samu sai murmushi. Amma haka abin ya faru. Runduna ta 81 ta shiga kwarin Kaladan inda babu hanyar mota, jiragen sama ne suka riƙa sako mata abinci da harsashi da laima, sojoji 'yan dako kuma suna ɗauka a ka.

Tarihin Samanja Chari Maigumeri ma ya isa misali. Ya fara aikin soja ne a rundunar Jamus ta Kamaru, Ingilishi suka kama shi a 1915, daga baya ya shiga rundunarsu, ya yi yaƙi a Habasha da Bama, ya sami lambar yabo daga Jamus ya kuma samu daga Ingila, ya bar aiki a 1953 da muƙamin kyaftin na girmamawa. Da a zaure aka ji wannan, da an ce shaci-faɗi ne. Ga shi kuwa barikin Lakwaja na ɗauke da sunansa.

4.2 Labarin asiri

A nan ne soja da maharbi suka fi haɗuwa. Za a ji labarin wanda aka harba bindiga ta ƙi tashi, ko ta zubo da ruwa, ko wanda ya yi layar zana ya ɓace a tsakiyar abokan gaba, ko mai kau-da-bara wanda harsashi ke kauce masa. Bai kamata manazarci ya tsaya ga gaskatawa ko ƙaryatawa kurum ba, kamata ya yi ya tambayi inda labarin ya samo ƙarfinsa. Bindigar toka ta baki ake ɗura ta, a zuba albarushi, a danna da sanda, sannan a sa dalma ko guntayen ƙarfe. In albarushi ya sha raɓa ko damshin damina, sai ta ƙi tashi. Cikin bututunta kuma sumul yake, ba shi da zaren da ke juya harsashi ya miƙe, don haka in da 'yar tazara kuskure ya fi dacewa yawa. Ashe ke nan mutumin da aka auna da irin wannan bindiga ya tsira ba abin mamaki ba ne, shi kuwa layarsa zai gode wa.

Haɗarin yana zuwa ne in aka ɗauki imanin da ya ginu a kan bindigar toka aka fuskanci bindigar zamani da shi. Abin da ya auku a Tanganyika ke nan a tawayen Maji Maji na 1905 zuwa 1907, inda aka gaya wa mutane wani ruwan tsari zai mai da harsashin Jamus ruwa, aka yi asarar rayuka masu ɗimbin yawa. A ƙasarmu ma ba a daina jin labarin wanda ya rasa ransa wajen gwajin maganin bindiga ba. Abin lura shi ne, wanda ya sa laya ya mutu ba ya dawowa ya ba da nasa labarin. Bakin waɗanda suka tsira kaɗai muke ji.

4.3 Ba'a da raha

Wannan kashi ya ƙunshi labarin kurtun da bai san hagu da dama ba a fareti, da hafsan da ke kwaɓa Hausa, da maharbin da ya yi kirari ya cika baki, da ya ga ɓauna sai ga shi a kan bishiya. Akwai kuma labarin da 'yan Bama suka sha bayarwa cewa mutanen Indiya sun riƙa leƙen bayansu don an gaya musu baƙar fata na da wutsiya, Japanawa kuma na tsoronsu wai suna cin mutane. Amfanin irin wannan raha shi ne ta ba namiji damar ambaton tsoro ba tare da ya ce shi ne ya ji ba. Kullum wani ne ya firgita, ba mai ba da labari ba.

4.4 Koke

Wannan ba a cika jin sa ba sai hira ta yi nisa, yara sun watse. A nan ne ake zancen bulala, da bambancin albashi da kuɗin sallama tsakanin baƙi da fari, da yadda ɗan ƙasa kome jaruntakarsa a Bama ba ya wuce samanja, da alkawuran aiki da aka yi ba a cika ba. Na ɓangaren Faransa su kuma suna da Thiaroye, kusa da Dakar, inda a ranar 1 ga Disamba, 1944, aka buɗe wuta a kan sojojin Afirka da suka nemi haƙƙinsu. Kirarin nan da ake yi, soja marmari daga nesa, a bakin tsohon soja wata ma'ana gare shi dabam.

5.0 Hira Tsakaninsu da Hira da Baƙo

Yanzu sai mu koma ga batun da aka ɗauko tun farko. In ɗalibi ya je wa tsohon soja da rikoda da jerin tambayoyi, sau da yawa ɗayan abu biyu yake samu. Ko dai tsohon ya ba shi tarihi busasshe, na shiga aiki shekara kaza, aka kai mu wuri kaza, ko kuma ya lura yaron abin mamaki yake so, sai ya ƙara wa miya gishiri. Ba wanda zai ƙaryata shi, domin mai tambaya bai je ba.

In kuwa tsakaninsu ne, akwai linzami. Mai ba da labari ya san a cikin masu saurare akwai wanda ya riƙe irin bindigar, ya san harsashi 10 take ci, ya san nauyinta, ya san tazarar da take kaiwa. In ya zarce sai a ji wani ya yi gyaran murya, ko ya tambaye shi, "To, Saje, a wace bataliya ke nan?" Wannan tambaya kaɗai ta isa ta dawo da zance kan hanya, ba tare da an ci fuskar kowa ba. Maharba ma haka suke: kirari a fagen farauta ba shi da iyaka, amma in an zauna ana lissafin wanda ya kashe me, akwai shaidu. Watau jama'ar hirar su ne masu tace ta. An yarda a yi ado a zance, amma ba a yarda mutum ya ɗauki jaruntakar wani, musamman mamaci, ya yafa wa kansa ba.

Akwai kuma abin da ba a faɗa sam. Da wuya a ji wanda ya ga yaƙi da idonsa yana alfahari da kisa. Mai yawan wannan zance galibi bai je bakin daga ba. In aka ambaci sunan wani abokinsu aka yi shiru, aka ce Allah ya jiƙansa, aka sake zance, to wannan shirun ma bayani ne, kuma rikoda ba ta ɗaukarsa. Labarin zuciya, in ji Hausawa, a tambayi fuska. Marubucin nan Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan, daga irin labaran da ya ji a gida game da zaman mahaifinsa a Bama ya gina littafinsa Burma Boy na 2007, abin da ke nuna irin amfanin da tsintaccen zance kan yi in ya faɗa kunnen da ya dace.

6.0 Kammalawa

An ga cewa wannan hira tana da kalmominta, da ire-iren labaranta, da hanyar da take bi ta tace kanta, don haka ta cancanci a ba ta gurbi a cikin adabin baka, tsakanin tarihi da hikaya. Sai dai lokaci ba ya jira. Waɗanda suka je Bama kusan duk sun riga mu gidan gaskiya da labaransu, 'yan Kwango da 'yan Yaƙin Basasa kuma tsufa ya cim musu. Taron da akan yi kowace ranar 15 ga Janairu don tunawa da 'yan mazan jiya yana girmama su, amma ba ya adana abin da ke bakinsu.

Shawararmu ga malamai da ɗalibai masu neman abin bincike ita ce, su nemi izini su zauna a majalisar waɗannan dattawa, su haɗa biyu ko uku wuri guda maimakon ɗaya, su rage tambaya su yawaita saurare. Sannan su auna abin da suka ji da rubutaccen tarihi, kada su yi saurin watsar da abin mamaki, kada kuma su yi saurin haɗiye labarin asiri. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma fa sai in an tarar da mai ita da rai.