Haske da Tsari a Hoton Itatuwa: Misali Daga Kaya

Mai ɗaukar hoton itace a karkarar Kaya ta ƙasar Maradun yana bukatar sanin lokaci. Hasken hantsi da na la'asar sakaliya a kaikaice yake sauka, don haka yakan fito da kaushin ɓawon tsamiya. Da rana tsaka kuwa inuwa takan taru a gindi, siffar itacen ta dushe. Haka nan gawo da damina yake kaɗe ganye, sai da rani ake samun sa kore. Dangane da tsari, akan jingine itacen gefe guda, a bar rumbu kusa da shi domin a gane girmansa. Aikin madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978, ya ci itatuwa da dama a yankin, saboda haka irin wannan hoto shaida ce ga tarihi.