Samaru Da Kuturtar Gyaɗa

Duk manomin da ya yi wayo kafin 1975 ba zai manta da daminar wannan shekara ba. A lokacin ne kuturtar gyaɗa, watau cutar nan da ƙwarin darɓa ke yaɗawa, ta auka wa gonakin Arewa, ta lalata wajen hekta 700,000. Mutum ya shuka, ya yi noma, kaka ta zo bai sami ko irin baɗi ba.

Maganin feshi yana da tsada, talaka ba ya iya saye. Saboda haka masanan Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru suka duƙufa neman irin da cutar ba ta kayarwa. Ita wannan cibiya tun 1922 aka kafa ta, aka haɗe ta da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1962.

Aiki ne mai cin rai, domin irin da ke jure wa cutar da farko ba ya nuna da wuri, ga daminar Kano da Katsina gajeruwa. Sai da aka yi shekaru ana auratayya tsakanin iri da iri, tare da cibiyar ICRISAT, kafin a fito da su SAMNUT 24 a 2011, mai nuna cikin kamar wata uku, ga mai, ga harawar dabbobi.

To, amma iri a Samaru dabam, iri a hannun manomi dabam. Ƙarancin malaman gona ya sa har yanzu ƙauyuka da yawa tsohon iri suke shukawa.