Ƙanjamau a Gidan Yari

Binciken da aka gudanar a gidajen yarin Nijeriya a 2018 ya nuna kashi 2.8 cikin ɗari na fursunoni suna ɗauke da ƙwayar ƙanjamau, watau ninki biyu na sauran jama'a. Amma babbar illar ita ce yankewar magani. Kullum ake shan sa, ba fashi. To, wanda aka kama ba kasafai yakan zo da maganinsa ba, kuma yakan ɓoye wa gandiroba ciwonsa don gudun tsangwama. Da an yi fashi, sai ƙwayar ta farfaɗo, har takan daina jin maganin. Ga kuma tarin fuka a ɗakin da ya cika maƙil. Alhali kuwa galibin waɗanda ke tsare jiran shari'a kawai suke yi.