Yadda Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa Ke Rage Wahalar Neman Ingantaccen Iri

A cikin dubban ƙwayoyin gado da kowace irin hatsi ke ɗauke da su, akwai wani rukuni da bai wuce kimanin kashi 5 cikin 100 ba, wanda aikinsa shi ne bai wa sauran umurni. Ƙwayoyin wannan rukuni suna samar da sinadaran da ke kunna wasu ƙwayoyin gado ko su kashe su, gwargwadon abin da shuka ta fuskanta na fari, ko zafi, ko ambaliya. Taɓa guda ɗaya daga cikinsu kan sauya halin shuka baki ɗaya, shi ya sa masu kuɗin bincike suka zuba musu ido.

A da, gano ƙwaya ɗaya tak yakan ci shekaru. Al'amarin ya sauya bayan da aka kammala karanta jerin gadon shinkafa a 2005, na dawa da na masara a 2009, sannan na gero a 2017 a ƙarƙashin jagorancin cibiyar ICRISAT. Yanzu masani yakan sa na'ura mai ƙwaƙwalwa ta binciko alamun da aka san wannan rukuni da su, ta kasa su dangi-dangi, kana ta kwatanta na shinkafa da na dawa. Ta haka dubbai kan koma 'yan ƙalilan da suka cancanci a kashe kuɗin gwada su a gona.

Ribar da ke cikin wannan fanni ta bayyana ne a kan shinkafa. Tun a 1996 masana suka gano sashen da juriyar ambaliya take a cikin wata tsohuwar shinkafar Indiya mai suna FR13A, amma sai a 2006 aka tantance ƙwayar kanta, watau SUB1A. Aikinta shi ne hana shuka yin tsawo idan ruwa ya shanye ta, don ta tanadi ƙarfinta. Takan jure har mako biyu a nutse. Ta hanyar barbara aka shigar da ita cikin irin da manoma suka saba da shi, kuma Indiya ta fitar da Swarna-Sub1 a 2009.

A Nijeriya, sai a 2017 aka fitar da FARO 66 da FARO 67 masu wannan juriya, bisa haɗin gwiwar cibiyar AfricaRice da Cibiyar Binciken Hatsi ta Ƙasa da ke Badeggi a Jihar Neja. Shekaru goma sha ɗaya ke nan bayan tantance ƙwayar, kuma a tsakani ambaliyar 2012 ta riga ta cinye gonakin fadama a bakin kogunan Kwara da Binuwai. Na'ura dai ta rage tsadar bincike, amma ba ta ninka iri, ba ta kuma kai shi kasuwar ƙauye. Wannan ɗawainiya tana wuyan kamfanonin iri da hukumomin aikin gona na jihohi.